Tayoyin da Suka Sha Madara

Ni dai sana'ata taya ce, kuma taya ba ta da fatalwa. Haka nake gaya wa kowa a Hatgal, garinmu na bakin babban tafki, haka kuma nake gaya wa kaina duk safiyar da na buɗe gareji na tarar da ɗaya daga cikin tayoyin Sodnom jingine da ƙofa, alhali jiya a ƙurya na bar ta, a saman 'yan uwanta uku. Sai in ce daɓen ne ya karkace. Ni na zuba sumuntin nan da hannuna, na san lafiyarsa ƙalau, amma sai in ɗora masa laifin.

Sodnom direba ne, ɗan Inna Tsermaa. Idan tafki ya daskare, shi ke jigilar fulawa da sukari ta kan ƙanƙara zuwa garin Hanh, can ƙarshen arewacin tafkin. Mutum ne mai dariya da yawa da gaggawar da ta fi dariyar. Hunturu uku ke nan da ya shigo mini da jif ɗinsa wata safiya, yana ta danna hon kamar gidansu ne ke cin wuta.

"Yaya Gombo, ka mutu ne a ciki? Fito ka canza mini takalma!"

Tayoyin da ke jikin motar masu manyan haƙora ne, na laka da duwatsu. An ce masa iska ta share dusar ƙanƙarar da ke kan tafkin, ƙanƙara ta koma kamar madubi, sai tayoyi masu ƙusa. Ya sayi nasa a birnin Murun tun kaka, huɗu a kan rim ɗinsu, suna ajiye a wurina. Na cusa jak na ɗaga motar. Da na durƙusa da sifana sai na ga farin layi ya daskare a gefen kowace taya. Uwarsa ce. Ba ya barin gida sai ta fito da cokalinta na itace ta yayyafa wa tayoyin madara, kamar yadda uwarta ta riƙa yi wa likkafar dokin ubanta.

Na ce, "Kai, Inna ta ba waɗannan karin kumallo, ga shi za ka tafi da masu yunwa."

Ya yi dariya. "In na koma gida yanzu sai ta dasa ni a gaban shayi har rana ta raba. Ɗaura kawai, tsoho."

"Tsoho ne kakanka."

Na ɗaura, na bi notunan ɗaya bayan ɗaya na matse, na sake bi. Wannan kam ko a gaban wa zan faɗa. Ya tura tsofaffin ƙurya da ƙafarsa ya ce in bar su nan, kada in ba kowa, da kansa zai zo ya ɗauka idan ƙanƙara ta narke.

Bai isa Hanh ba. Wajen tsakiyar hanya akwai inda ƙanƙarar ke tsagewa ta sake haɗewa, kuma tsagar ba ta kwana inda ta wuni. Masu binsa a baya sun tarar da sawun ƙusoshi ya miƙe sak, ya ƙare a bakin baƙin ruwa. Ba a ciro motar ba, ba a ciro shi ba.

Tayoyin suka zauna a ƙuryata. Na sha niyyar kai wa uwarsa, sai in tuna fuskarta ranar da lama, malamin addininmu, ya zo gidan yin addu'a, in fasa. Wa zai tura wa tsohuwa kayan ɗanta har ƙofa ya sabunta mata ciwo? Ga shi kuma ya ce da kansa zai zo. Maganar banza ce, na sani, amma ta riƙe mini hannu.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne halinsu. Taya in ta daɗe a ajiye tana sacewa, ko yaro ya san wannan. Waɗannan ko kaɗan. Na sa musu ma'auni sau da dama, allura na nan inda take. Farin layin ma bai goge ba, ɓera bai lasa ba, zafin damina bai sa ya yi tsami ba. Da zarar tafki ya fara daskarewa kuwa, sai garejin ya ɗauki ƙamshin sabuwar madara, ƙasan tayoyin ya jiƙe, a wurin da ko shayi ka manta sai ya zama dutse. Karena da ke kwana kan tsummokaran ƙuryar ya yi ƙaura zuwa waje, ya gwammace sanyi. Sannan ga ta saman da ke saukowa ta je ƙofa. A raina na yanke cewa tafkin take nema, wurin mai ita. Shi ya sa na ƙara wa ƙofar sakata.

Ana nan, a hunturun bana, sai ga Hishgee, ƙanwar Sodnom, da wata farar jif ta hannu. Likitar dabbobi ce, an tura ta aiki Hanh. Ita ba ta danna hon ba. Ta fito ta tsaya tana murza hannuwa.

"Yaya Gombo, masu ƙusa nake so. Yau zan haye."

Na janyo jak ina tsokanarta. "Ke da ko akuya kika hau sai ta kayar da ke, yau ke ce da tafki?"

"Akuyar ai taka ce, halinka ta ɗauko. Ba ni kaɗai ba ce, ayari ne, motoci biyar. Hanyar tudu ta toshe."

Na ɗaga motar, na durƙusa. Idona da kansa ya je gefen tayar. Baƙa wuluk, babu ko ɗigo. Na zagaya na duba sauran, duk haka.

"Ba ki biya ta gida ba ne?"

"Daga can nake."

"To ina madarar?"

Ta dubi takalminta. Da ta buɗe baki, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Inna ba ta ƙara taɓa cokalin ba tun ranar. Ta naɗe shi a ƙyalle ta cusa ƙasan akwati. Cewa take hannunta ne. Wai ta zuba masa madara a tayoyi huɗu, ta yi masa fatan alheri, tayoyin suka kai shi ƙasan ruwa. Wai hannun da ya yi wannan ba zai ƙara sallamar kowa ba. Ɗazu na durƙusa na roƙe ta, ta juya mini baya ta ce in tafi haka, ya fi mini." Ta share hanci da bayan safar hannu. "Na yi karatu, Yaya, na san madara ba ta riƙe ƙanƙara. Amma tsoro nake ji. Ban taɓa fita daga gidanmu haka ba."

Hunturu uku matar nan tana kwana da wannan, amsar kuma tana ƙuryata, kare ma ya gane ni ban gane ba. Haushin kaina ya kama ni, na huce a kan yarinyar.

"Je ki ɗauko ta."

"Ba za ta zo ba."

"To motarki ta kwana a kan jak. Ki gaya mata Gombo ya ce ɗanta ya bar ajiya a wurinsa. Ga makullin akori-kurata can, kuma ki tausaya wa giyar. Ki ce ta zo da cokalin."

Kafin su dawo na gama aikin. Na goge tsatsar mazaunin, na ɗaura masu ƙusa, na matse, na rage musu iska kaɗan don su kama ƙanƙara. Ban sauke motar ba. Sai na je ƙurya na mirgino tayoyin Sodnom na jera su a tsakar garejin, inda hasken ƙofa ke faɗowa. Sanyinsu ya ratsa safar hannuna har ƙashi, kamar na tsoma hannu a tafkin.

Inna Tsermaa ta shigo tana dogara sanda, ta ƙanƙance fiye da yadda na san ta. Ba cokali a hannunta. Hishgee ce ke riƙe da ƙunshin ƙyallen a ɓoye a bayanta, da 'yar butar madara.

"Gombo, ka tashe ni daga gaban murhu. Wace ajiya?"

"Sannu da zuwa, Inna. Dubi nan."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sai ta saki sandar ta durƙusa, ta sa yatsa a kan farin layin tayar farko, ta bi shi har ƙasa.

"Wannan zubina ne," in ji ta. "Ta gaba ta dama nake fara wa, hannuna yakan yi nauyi a kanta."

"Naki ne. A nan ya cire su a safiyar, ya sa masu ƙusa. Waɗanda kika zuba wa ba su taɓa tafkin ba, Inna. Ga su nan, ko ƙaya ba ta soke su ba, ko iska ba su rage ba."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta ji sanyi a ranta. Sai ta ɗago ta dube ni da wani ido da har yau nake gani.

"Wato haka ya tafi? Babu ko ɗigo?"

"Na yi masa magana. Ya ce in ya koma za ki tsare shi da shayi."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinta, rabi dariya rabi wani abu. "Da na tsare shi kuwa. Ja'irin yaro. Tun yana rarrafe ba ya jira a ɗaura masa takalmi." Sai hawayen suka zo. Ta dafa tayar da hannu biyu kamar kan yaro. Ni da Hishgee muka tsaya a gefe. A waje ana ta danna hon, ayarin ya fara haɗuwa a bakin tafki.

Ita ce ta fara motsi. Ta miƙa hannu baya ba tare da ta juya ba.

"Ba ni. Kina tsammani ban ga kin ɗauko ba?"

Ta kwance ƙyallen. Ta karɓi butar, madara ta zuba a hannun rigarta, ba ta kula ba. Ta nufi farar jif ɗin, sai ta tsaya ta juyo kaina.

"Ka gama? Ba sauran abin da za ka cire?"

"Ba saura."

"Sauke ta ƙasa tukuna. Ba na zuba wa motar da ke rataye."

Na sauke. Ta fara da ta gaba ta dama, ta zagaya duka huɗun, bakinta na motsi, madarar na daskarewa tun kafin ta gangara. Ta kama kan 'yarta ta shinshina goshinta, ta sumbaci kunci ɗaya.

"Ɗayan sai kin dawo. Kuma in wani ya ce ki canza ko noti ɗaya a hanya, ki ce uwarki ta hana."

Hishgee ta tafi. Bari in faɗa tun yanzu don kada in bar ku da zullumi: ta isa, ta bugo waya kafin rana ta faɗi, tana ƙorafin wai na cika matse notuna.

Amma a lokacin ba mu sani ba. Muka tsaya a ƙofa muna kallon motar tana gangarawa dama, wajen tafki, har ta shige cikin sauran. Na bar ƙofar a wangale, abin da na daɗe ban yi ba. Sai na ji wani ɗan ƙara a bayana, irin na roba a kan sumunti.

Tayar gaba ta dama ce. Ba wanda ya taɓa ta. Ta taho a hankali ta wuce tsakanina da tsohuwar, ta haye dokin ƙofa. Na yunƙura zan tare ta, don daga ƙofata gangara ce zalla har bakin ruwa, ko gwangwani ka saki can zai tsaya. Inna Tsermaa ta riƙe mini hannun riga.

Tayar ta ɗan tsaya a tsakiyar titi tana layi. Sai ta karkata hagu, ta kama hawan, hanyar da ke bi ta bayan makaranta zuwa unguwar su Inna.

Hunturu uku ina ƙara sakata don kada ta tafi tafki.

Tsohuwar ta ɗauki sandarta, ta soke cokalin a ɗamara. Ba ta ko dube ni ba.

"Ka kawo sauran ukun da yamma," in ji ta.

Ta bi bayanta a hankali, tana yi tana hutawa, tayar ma ba ta yi mata nisa ba. Ina jin ta tana magana ƙasa-ƙasa, da muryar da ake yi wa yaron da ya daɗe a waje.

"Yi a hankali, ka ji? Akwai shayi a kan wuta."