Filogi na Uku

Shekara bakwai Munzali yana jan akori-kurar Alhaji Yelwa, daga Daura zuwa Zango da Dutsi, yau buhunan gero, gobe gyaɗa, kuma ko tsinke bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Sai ga shi a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a motar ta tsiro da wani hali. A cika mata baƙin mai ranar Litinin, kafin Juma'a a zare geji a gan shi fayau.

Alhaji mutum ne mai bin diddigi. Ya sa aka share inda motar ke kwana, aka shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙarƙashinta. Gari ya waye babu ko ɗigo. To, man da bai zuba a ƙasa ba, ina ya tafi? Ƙanensa Jafaru, wanda bakinsa bai san gobe za a haɗu ba, shi ya ba da amsa a zaure gaban mutane. Ya ce mota ba ta shan mai da baki, direba ne ke tsiyaya yana sayar wa masu injin niƙa. Alhaji ya ba Munzali kwana uku, ko dai man ya fito, ko su haɗu gaban alƙali.

"Ka dai ji abin da ake yi wa ɓarawo yanzu," in ji shi.

Ai kuwa ya ji. Wa bai ji ba? Rediyo ta kawo labarin wanda aka yanke wa hannun dama a wata jiha, kuma tun daga ranar ba a wata hira a tasha sai ita. Munzali bai yi zurfi a karatu ba, bai san wace sata ce ke kai mutum ga haddi ba, kunya da tsoro kuma suka hana shi tambayar malami, kada a ce mai kaza a aljihu ne. Ya daina cin tuwo. Matarsa Shatu ta yi tambayar duniya, ya ce mata ciwon ciki ne.

Ran na uku da hantsi ya roƙi Alhaji arziki ɗaya, a kai motar wurin Chiedozie, Inyamurin da ke sayar da kayan gyara yana kuma taɓa kanikanci, wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Alhaji ya yarda da ƙyar, Jafaru ya bi su don ya ga ƙarshen ƙarya.

Chiedozie ya saurari zancen, ya ce in mai bai zuba a ƙasa ba, to injin ne ke ƙona shi, kuma filogi ba ya ɓoye wannan. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tsumma. Duk huɗun tas, na ukun ma har ƙyalli yake yi.

Sai a lokacin Munzali ya gane abin da ya yi wa kansa. Wata biyu ke nan motar tana tsallake wuta tana karkarwa in ta yi nisa, shi kuwa don kada maigida ya ce bai iya riƙon mota ba, kullum da safe sai ya zare filogi na uku, ya wanke da fetur, ya goge da samfefa, ya mayar. Ko a safiyar nan ya yi, saboda sabo. Shaidarsa guda ɗaya tak a duniya, shi da kansa ya wanke ta.

Ya faɗi haka. Jafaru ya tuntsire da dariya, ya ce dama ɓarawo ba ya rasa tatsuniya. Alhaji ya gyara hula ya ce a wuce kotu. Munzali ya dafa mota.

Chiedozie ya sunkuya kan tsumman. Ya ɗauki filogi na ukun ya juya shi a rana, ya ga ƙarcen samfefa a jikinsa.

"Alhaji, ka ba ni zuwa Dutsi da dawowa. In na yi ƙarya, ka haɗa da ni."

Suka hau. Chiedozie ya ja, Alhaji a gefensa, Munzali da Jafaru a baya. Tafiya ta yi tafiya, mota lafiya lau, kamar ta haɗa baki da Jafaru. Munzali yana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, bai taɓa roƙon Allah mota ta lalace ba sai ran nan. Sun kusa Dutsi sai ta yi tari. Ta sake yi. Sai ta kama jijjiga, hayaƙi shuɗi-shuɗi ya taso daga salansa ya shaƙe Jafaru.

Chiedozie ya gangara gefen titi, ya zare filogi na uku da tsumma saboda zafi, ya miƙa wa Alhaji. Baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da mai. Ya ce ringin fistin ɗin nan ya cinye, mai na haurawa yana ƙonewa tare da fetur, ga ɓarawon nan a cikin inji.

Alhaji ya daɗe yana kallon yatsunsa da suka ɓaci. Can ya yi 'yar dariya, ya ce shi dama barazana ce kawai yake yi, wa zai kai yaron gidansa kotu a kan baƙin mai? Ya karɓi makulli daga Chiedozie ya miƙa wa Munzali. Munzali ya sa hannun hagu ya karɓa.

Alhaji ya ɗaure fuska. "Ni kake karɓar abu a hannuna da hagu?"

Munzali ya dubi hannun, sai yanzu ya lura.

"Ka yi haƙuri, Alhaji," ya ce a hankali. "Kwana uku ke nan ina koya masa aiki."