Farfesan Rediyo da Shagon Baba

A gidan rediyonmu Almakashi ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba sai a watan da Baba ya ce zai sayar da shagonsa.

Aikina gyaran murya ne. Akwai wani shiri da muke yi duk mako, ana gayyato masana su faɗa wa jama'a inda duniya ta dosa. Wannan makon mai ilimin zuba jari, na gaba likitar halayyar ɗan Adam, wani lokacin kuma wanda ya san dalilin da ya sa manyan ƙasashe ke hararar juna. Su zauna a ɗakin ɗaukar murya su yi ta zuba kamar famfon da ya lalace, sannan a turo mini a ce in mayar da shi abin da zai shiga tsakanin tallar sabulu da labarai. Ni kuwa in toshe kunnuwana da abin saurare, in zuba wa kwamfuta ido, in fara yanka. Tari, in yanke. "E to," in yanke. "Wataƙila," "sai dai kuma," "ba ni da tabbas," duk in share su tas. Dokar Manaja ce, tun kafin a ɗauke ni aiki. Ya ce mai sauraro yana tuƙi ne ko yana wanki, ba shi da lokacin masanin da ke inda-inda. Kuma ba yabon kai ba, na iya aikin. Har numfashin mutum nake ɗaukowa daga wani wuri in liƙa a inda na yanke, don kada kunne ya ji gurbin.

Baba kafinta ne. Shagonsa na nan a bakin titi, manne da gidan burodi, tun ban fara tafiya ba. A ciki ya yi gadon da aka haife mu a kai, da teburin da muke cin abinci, da kujerun rabin unguwa. Akwai wani tsohon rediyo da ya rataya a ƙusa sama da bencin aiki, garin katako ya mayar da shi fari. Ranar shirinmu ko zarto ba ya taɓawa. In mai gyaran kujera ya shigo, sai ya nuna masa wurin zama, ya ɗora yatsa a baki, ya ce 'yarsa ce ke ciki. Na sha gaya masa ba a jin muryata a ciki. Ko a jikinsa.

To, a makon da abin ya faru, wani Farfesa ne baƙonmu. Ɗan tsamurmurin dattijo ne mai yawan gyaran murya, mutumin kirki, amma in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara da tarihin agogo. Aka tambaye shi game da rikicin da ake yi a wata mashigar teku can nesa, da yadda zai taɓa aljihun talaka. Ya ce e to, in rikicin ya daɗe, kuma in jiragen ruwa suka ci gaba da zagaye, wataƙila kuɗi ya rage daraja, kuma a irin wannan lokaci wasu sukan ce wanda ya riƙe zinariya shi ne ya tsira, sai dai shi ya ga an faɗi haka a baya ta zo ta karye, don haka ba zai ba kowa shawarar ya taɓa abin da ke ciyar da shi ba. Ya yi tari, ya nemi ruwa.

Abin da ya fita a rediyo kuwa gajere ne, sumul, da murya mai nauyi: kuɗi zai rage daraja, wanda ya riƙe zinariya shi ne ya tsira. Daga nan sai kiɗa ya shigo. Manaja har leƙowa ya yi ya ɗaga mini babban yatsa.

Bayan kwana kaɗan Mama ta kira ni da rana tsaka. Ta ce Baba ya shiga gidan burodi da ƙafarsa. Mai burodin nan ya yi shekara da shekaru yana naci a sayar masa da shagon ya faɗaɗa tandunsa, Baba na korarsa, yau ga shi shi ya kai kansa. Wai zai sayar da shago da injin yanka da komai, ya sayi zinariya ya ajiye. Na tambaye ta wa ya ba shi wannan gurguwar shawara. Ta ce, “Ku mana.”

Ban jira an tashi ba na ɗauki jaka. Na same shi yana goge ƙafar wani tebur, fensir a bayan kunne, hankalinsa kwance kamar ba shi ba. Na gaishe shi, na durƙusa yadda ya kamata, sannan na fara. Na ce masa Farfesa bai faɗi haka ba. Ya ce da kunnensa ya ji. Na ce an yanke maganar ne. Ya ce to ai abin da ya rage shi ne ya faɗa, ko ni na yi muryar? Na ce a'a. Ya ce to shi ke nan. Ya ƙara da cewa idonsa ya fara rauni, yara yanzu kujerar roba suke saye, shi kuma ba zai zauna yana kallo guminsa na shekaru ya narke ba, alhali masu ilimi sun yi gargaɗi. Wallahi ji na yi kaina ya ɗau zafi. Mutumin da ba ya sayen katako sai ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, yau ga shi zai sayar da rayuwarsa a kan jimla ɗaya.

Washegari na kwafo ainihin hirar a wayata, ba yanka ba gyara, na kai masa shago. Na kashe masa injin, na sa ya zauna. Ya saurara kuwa, tun daga gyaran murya har neman ruwa. Da aka gama ya girgiza kai cikin tausayi, ya tambaye ni wane ne wannan bawan Allah. Na ce Farfesa ne, shi ɗin dai. Ya ce muryar ta yi kama, amma wannan da ji bai kwana da shiri ba, ko kuwa tsoro yake ji. Na ɗauke wayata na mayar jaka.

Mama ta ce in bar shi, in na matsa sai ya ƙara kafewa. Ni kuma na gaji kafiyar daga wurinsa. Na nemo lambar Farfesa, na gaya masa komai. Bawan Allah ya ce dama ya ji shirin, ya kuma ji kamar ba shi ba, amma ya ɗauka haka ake yi. Ya yarda zai zo.

Ya zo kuwa, da 'yar jakarsa da takalminsa mai ƙura. Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya share masa kujerar da ta fi kyau, ya aika aka kawo shayi. Na tsaya a jikin ƙofa ina addu'a a zuci, Allah ya sa yau dai dattijon nan ya faɗi magana ɗaya a miƙe. Ina! Baba ya tambaye shi kai tsaye, zinariya za ta tashi ko ba za ta tashi ba. Farfesa ya gyara murya, ya ce e to, tana iya tashi. Baba ya ce za ta faɗi? Ya ce hakan ma na yiwuwa. Ya shiga bayanin cewa babu mai gaskiyar da zai ce ya san gobe, ya kawo misalin shekarun da kowa ya ruga abu ɗaya aka yi kuka, ya ce shi dai da yana da shago irin wannan da bai sayar ba. Baba ya tambaye shi ko ya taɓa riƙe shago. Ya ce a'a. Baba ya gyaɗa kai, ya ƙara masa shayi.

Na san gaskiya yake faɗa, kuma na san ita ce ke kashe mu. Kamar in shaƙe shi in ce, Farfesa, don Allah yi ƙarya sau ɗaya, ce masa za ta faɗi warwas. Amma ban ce ba, shi ma ba zai yi ba.

Da muka raka shi ya hau mota, Baba ya dawo yana cewa mutumin na da ladabi, amma na rediyo ya fi shi sanin abin da yake yi. Nan fa na kasa riƙe kaina.

“Baba, babu wani na rediyo. Ni na yi shi. Da hannuna na zauna na cire duk inda ya ce bai sani ba, na haɗa sauran. Wancan da kake yarda da shi ba ya raye a ko'ina sai a kwamfutata.”

Na ɗauka zai yi fushi, ko ya ji kunya. Sai ya dube ni da wani irin murmushi da rabon da in gan shi tun ranar da na gama makaranta. Ya jawo wani ɗanyen katako daga ƙarƙashin benci, mai ɓawo da gargada, ya ajiye kusa da teburin da yake gogewa.

“Dubi wannan, dubi wancan. Itace ɗaya ne. Na cire ɓawo, na cire ruɓa, na goge. Wanne mutum zai ci abinci a kai? Ashe aikina kika gado ban sani ba. Kin cire masa shara, kin bar mana tsabar maganar. Allah ya yi miki albarka.”

Mahaifinka ya sa maka albarka, da wane bakin za ka ce ba ka so? Na fita waje na tsaya a gefen titi, ƙamshin burodi na dukan hancina, ina ta tsaki ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Saura dabara ɗaya. Tunda rediyon kaɗai yake ji, to rediyon zai gaya masa. Na roƙi mai gabatar da shirin ya sake gayyato Farfesa a makon, na ce jama'a sun yi ta tambaya. Aka ɗauka. Ya maimaita duk abin da ya faɗa, har da ƙari, ya ce kada kowa ya sayar da sana'arsa saboda maganar wani masani, ko da shi ne. Na zauna a gaban kwamfuta, yatsana na ƙaiƙayi, domin hannu ya saba. Ban taɓa ko "e to" ɗaya ba. Na bar tarin ma. Na miƙa shi a ƙurarren lokaci yadda Manaja ba zai samu damar saurara ba.

Shirin na tsaka da tafiya Manaja ya banko ƙofata, ya tambaye ni ko barci na yi a kan aikin. Ya ce in ba na so in faɗa, akwai masu jira a waje. Na bar shi ya gama, don hankalina ba ya wurin. Yana shago, a kan rediyon nan mai garin katako.

Ana tashi na kira Mama. Ta ce tana shagon ta kai masa abinci, ya kashe inji kamar kullum, ya zauna. Wai da aka yi nisa kaɗan sai ya fara juyi a kujera, can ya miƙe ya murɗa rediyon zuwa wata tasha. Na ce ba ni shi. Ya karɓa, ya tambaye ni da damuwa ko ba ni da lafiya ne yau ban je aiki ba. Na ce na je. Ya ce to wanda suka ba gyaran bai iya ba, in koya masa.

An sa hannu a takardar sayar da shagon a ƙarshen makon. Ban je ba. Mama ce ta gaya mini yadda ma'aikatan gidan burodi suka fasa bangon tsakiya, da yadda aka fitar da bencin da ƙyar saboda a cikin shagon aka haɗa shi, bai taɓa wucewa ta ƙofar ba. Sai da aka raba shi biyu da zarton Baba.

Mutane na tambayata, to zinariyar ta tashi? Ban sani ba, kuma na daina dubawa. Wani makon Baba ya ce ta ɗan hau, wani makon ya yi shiru. Tana can a kulle inda ya ajiye ta, ba ta gaishe shi da safe, ba ta kawo masa kujera gyara.

Kwanan baya na kwana a gida. Da safe na fito zan tafi aiki, na gan shi a tsakar gida da rigar aikinsa, fensir a bayan kunne. Ya kifar da teburin cin abincinmu, ƙafafu a sama, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa. Mama na tsaye da kofunan shayi a hannu, ba ta da inda za ta ajiye. Teburin nan lafiyarsa ƙalau, shi ya yi shi, ko motsi ba ya yi. Ya ɗago ya gan ni da jaka, ya tambaye ni wane masani ne a shirin wannan makon. Na ce likitar halayyar ɗan Adam ce, za ta yi bayani a kan abin da ke damun tsofaffi in sun bar aiki.

“Madalla,” in ji shi. “Ki gyara ta da kyau, zan saurara.”