Idanun 'Yan Tsanar Anti Tela

Ranar da manajar babban shagon bakin titi ta ce a kawo 'yan tsana, Anti Tela ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta gida ba. Shekara da shekaru tana ɗinka su da guntayen yadin da ke zubewa ƙarƙashin kekenta, ta cusa musu auduga, ta ɗaura musu maɓallai biyu su zama idanu, ta sayar wa matan unguwa. Yau ga shi za su hau kantar shago kusa da kayan kamfani. Sharaɗi biyu aka kafa mata. Su iso safiyar Asabar, in ba haka ba a ba wani mutum kantar. Sannan kowace ta zo da ƙyallen gargaɗi a jiki, don in babu shi wani abu ya sami ɗan wani, ita za a kama, ba shago ba.

Da wata ce da ta tsorata. Ita kuwa ƙyallen ne ma ya fi tafiya da ita. An bugo mata su farare tas, sunanta a sama, ƙasa kuma an rubuta: "Kada a ba yaron da bai kai shekara uku ba. Maɓallin ido na iya maƙale masa a wuya." Ta shafa, ta ɗaga wa haske, ta kai wa maigidanta, mai gyaran fanka, yana tsakar gida ya baje kusoshi a tire.

"To, Madam Kamfani," ya ce, "yanzu sai mun nemi izini kafin mu gaishe ki?"

"Ka yi ta tsokana, Maigida. Wannan ƙyallen da kake gani shi ne katangata. In dai yana jiki, ba mai taɓa ni."

"Waɗanda kika sayar a unguwa fa? Su ba ruwansu da katanga?"

Wasa yake yi, bawan Allah, amma maganar ta shige ta. Washegari Juma'a, sabbin 'yan tsana sun kammala suna jere a kan gado, ta ɗauki allura da zare da ragowar ƙyallaye ta shiga unguwa gida gida. Duk inda ta taɓa sayar da 'yar tsana sai ta yi sallama, ta ce a miƙo mata, ta ɗinka ƙyalle a ƙafa, ta karanta wa matar gida da murya irin ta masu labarai a rediyo. Mata suna dariya, suna yi mata barka, ita kuma daɗi kamar ya kashe ta. Ko a ranta ba ta ce a raba wani yaro da abin wasansa ba, ita dai ƙyalle ya hau.

Gidan ƙarshe na maƙwabciyarta ne, Maman Auta. Auta kuwa rarrafe yake yi, haƙora na tsiro, ya rungume 'yar tsanar yayarsa ya ƙi saki.

"Ƙyale shi," in ji Anti Tela, ganin uwar za ta ƙwace. Ta zauna a ƙasa, ta kama ƙafar 'yar tsana tana ɗinki, shi kuma yana ta gwaguyar kan. Ta ƙulle zare, ta gyara murya ta fara karantawa. Tana kaiwa kan "maɓallin ido" ta ɗago kai, sai ta ga ido ɗaya ne a fuskar 'yar tsanar. Auta ya yi tsit, kumatunsa na motsi, miyau na zuba.

Ta fizgo yaron, ta kifa shi a cinya, ta buɗe bakinsa, ga maɓalli baƙi a gefen kunci. Ta zaro shi da yatsa. Auta ya tsala ihu, uwar ta ɗauke shi ta rungume. Anti Tela ta zauna da maɓallin a tafin hannu, kunya da tsoro sun rufe ta, ga farin ƙyallenta ɗinke tsaf a ƙafar 'yar tsanar.

Tana shiga gida ta ɗauki almakashi ta nufi gado.

"Ke, gobe ne fa," maigidan ya ce. "Waɗannan ai duk da ƙyallensu."

"Na sani. Zo ka zura mini zare."

Ta dinga cire idanu tana zubawa a gwangwani. Da baƙin zare za ta saƙa sababbi, aikin da ke cin lokaci kamar me. Ba a jima ba Maman Auta ta yi sallama da allurarta, bayanta wasu matan, kowace riƙe da 'yar tsanar gidanta. Ɗaki ya cika da hayaniya da dariya. Wata ta saƙa ido kamar na mai harara, wata kamar na mai jin barci, maigida ya yi ta zura zare har ya ce shi ma idonsa na neman gyara. Anti Tela ta rantse sai an gama na unguwa kafin a taɓa na shago. Haka rana ta faɗi na shago ko rabi ba a yi ba.

Da safe ta dire jaka gaban manaja, ta faɗi abin da ya faru ba ta rage komai ba. Ta riga ta hango kantar a hannun wani.

"Anti, ai ƙyallen ya wanke ki," manajar ta ce. "Ba wanda ya ce ki cire idanu. Yanzu ga kayanki ba su cika ba."

"Ya wanke ni, ranki ya daɗe. Ina cikin karanta shi yaron ya sa maɓallin a baki."

Manajar ta buɗe jakar. Ta ɗauki wata 'yar tsana mai ido kamar na mai harara, ta kankare idon da farce, ta ja da ƙarfi, ta sake ja. Zare bai motsa ba. Ta kira yarinyar shago ta ce a share kantar a jera waɗannan, sauran su biyo baya. Mai hararar kuwa ba ta mayar ba.

"Wannan ki bar mini ita," ta ce. "Tawa 'yar ta fara rarrafe."