Sammacin da Iya Ta Ɓoye

Har yau in na ji an kunna fim ɗin barkwanci sai in tashi in bar wurin. Ba na dariya, haushi nake ji, kuma ina da dalili.

Yayana Muhyiddeen direban tifa ne. Lokacin da Abuja ta rikice da gine-gine, kowa yana neman yashi, ya samu ya sayi ɗan fili a Durumi ya gina ɗaki biyu, ya ɗauko mu ni da mahaifiyarmu Iya. Takardunsa garau suke. Iya kuwa ba ta da aiki sai kallon faifan barkwanci. A fina-finan nan, mutum biyu su yi rigima a kan akuya, alƙali ya buga tebur ya ce shekara goma, ɗan sanda ya ja mutum ta wando. Iya ta yi ta dariya har da hawaye, ashe ɗauka take gaskiya ne.

Wani mutum mai suna Kure ya kai ƙara cewa filin nasa ne. Masinjan kotu ya kawo sammaci Muhyiddeen yana hanyar Lokoja, ni ina kasuwar Gudu. Iya ta karɓa, ta ji kalmar kotu. Ta ɓoye. Aka kawo na biyu ta ɓoye. Na ukun a ƙofa aka manna, ta jiƙa tsumma ta ɓamɓare shi a hankali. Ko ni ba ta faɗa wa ba.

Ba mu san komai ba sai ranar da ma'aikatan kotu suka zo suka fitar mana da kaya waje.

Muka je wurin wata lauya, Lucy. Ta duba takardun filin ta girgiza kai, ta dubi Muhyiddeen.

"Oga, me ya hana ka zuwa? Wannan ba ƙarar laifi ba ce, rigimar fili ce tsakanin mutum da mutum. Ba a ɗaure kowa a kanta. Da ka zo da takardun nan kawai, da wuya ya ci ka."

Ta ce za a iya neman a sake duba hukuncin, amma zai ɗauki lokaci. Kafin mako ya zagayo Kure ya rushe ɗakunan ya ja katanga.

Mun koma ɗakin haya guda a bayan gari. A nan Iya ta buɗe akwatinta ta fito da takardu uku a cikin leda, ta miƙa wa Muhyiddeen. Wallahi na buɗe baki zan faɗa mata duk abin da lauya ta ce, ya dube ni, na fasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, tausayinta kuma ya fi ƙarfina.

"Gidan ya tafi," in ji Iya. "Amma dai ba su ɗaure min kai ba, ko?"

Muhyiddeen ya daɗe yana kallon takardun. Shekara tara ya yi yana jigilar yashi kafin ya gina ɗakunan nan.

"Ba su ɗaure ni ba, Iya," ya ce. "Kin cece ni."

Da wannan maganar ta zauna har ta rasu, kuma ba wanda ya gyara mata.