Ranar Ƙuri'ar Sauke Dogara

Lauratu tana da shagon ɗinki a bakin layinsu a Bagama. A gaban shagon aka sari 'yarta Rukayya a hannu da rana tsaka, saboda waya. Kowa ya san masu ƙwacen. An kama su, amma kafin raunin ya warke wani ɗan takara ya yi belinsu, domin zaɓe ya matso. Kwamitin unguwa ya yi ta zama, ana gardamar wanda zai shugabanta, a tashi ba a yanke komai ba.

Sai Dogara ya karɓi tsaron layin. Tsohon soja ne, ba shi da yawan magana, kuma ba wanda ya zaɓe shi. Ya tara 'yan banga, ya gitta ƙarfe a bakin layi, ya ce bayan isha'i ba shiga ba fita sai da izininsa. Ƙwace ya tsaya cak. Lauratu har abinci take aika masa.

Wata safiya ta zo buɗe shago ta tarar da maƙwabcinta Sadisu zaune a gindin ƙarfen, an ɗaure masa hannu ta baya, fuska a kumbure. Aikin fenti yake yi a Abuja. Cunkoson mota ya makarar da shi har bayan isha'i, ya yi musu da 'yan banga.

"Yaya Lauratu, taimaka mini da ruwa," in ji shi.

Dogara yana kan benci. A hankali ya ce, "Hajiya, shiga shagonki."

Ta shiga, ta hau keken ɗinki tana takawa ba tare da ta sa yadi ba, don kada ta ji abin da ake yi a waje.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a filin makaranta, mata a gefe guda. Malam Mu'azu, wani malamin firamare, ya miƙe ya ce, "Ba mu zaɓe shi ba, ba mu da inda za mu kai ƙararsa. Duk mai son a sauke Dogara a koma kwamiti, ya ɗaga hannu."

Dogara yana tsaye a baya, yana bin fuskoki da kallo. Hannuwa kaɗan suka tashi. Halimatu Sadiya, matar Sadisu, ta ɗaga nata, ta waiwayo ta dubi Lauratu. Lauratu ta sunkuyar da kai, ta bar hannunta cikin hijabi.

A hanyar gida Halimatu Sadiya ta tare ta. "Har da ke, Yaya?"

"Wallahi tsoronsa nake ji," in ji Lauratu. "Amma shi ɗaya ne, kuma na san abin da ba ya so. Masu ƙwacen kuwa ban san ta inda za su ɓullo ba."

Kafin wata ya ƙare Sadisu ya kwashe iyalinsa zuwa Izom. Malam Mu'azu ya daina fitowa hira.

Wata azahar Dogara ya leƙo shagon, ya gaishe ta da ladabi. "Na ga ba ki ɗaga hannu ba, Hajiya. Na gode. Mata suna yawan zama a nan. In kin ji wata tana maganata, ki riƙa gaya mini."

Lauratu ta ce, "To."

Da ya fita, wata mata ta shigo da atamfa ta zauna, ta fara hira. Lauratu ta yi sauri ta ƙara muryar rediyo.