Motar da Malam Abdulbaƙi Ya Ƙi Shiga

"Usuman, tsaya! Don Allah tsaya, ƙafafun Baba rawa suke yi!"

Muryar Lubabatu ce daga bayan mota, inda take durƙushe kusa da gawar mahaifinsu, wadda aka naɗe cikin tabarma aka shimfiɗe bayan an kwantar da kujeru. Usuman bai waiwaya ba. Tun kafin yayarsa ta buɗe baki ya ji abin a tafin hannunsa. Sandar giya tana kakkarwa, sitiyari yana amsa mata, can ƙarƙashin rurin injin kuma wani ɗan bugu ya shigo, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙyaure. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya gangara gefen jar hanyar, ya tsaya ƙarƙashin wata kaɗanya. Sun baro gadar Beteru da nisa, ba su kai Onkulu ba.

"Me kuma ya faru?" in ji Baffa Badamasi, ƙanen mamacin, wanda ke zaune a gaba da carbi a hannu. "An riga an gina kabari a Jugu. Mutane suna jiran mu bayan la'asar."

"Bari in duba, Baffa. Ba wani abu ba ne."

Ƙarya ya yi ko addu'a, shi kansa bai sani ba.

A shekarun nan, Dahome ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, duk mai bin hanyar Paraku zuwa Jugu ya san farar Fijo ta Usuman. 'Yan tasha Kafin-ka-zauna suke ce mata. Mahaifinsa Malam Abdulbaƙi ne ya saya masa ita, shi da yake mai fataucin goro, jikan fataken da suka taka hanyar Gwanja da jakuna. Da farko direban haya ke jan ta, Usuman yana koyo a gefe, motar kuwa shiru-shiru, ba ruwanta. Ranar da Usuman ya sami takardar tuƙi, maimakon ya ɗauki tsohonsa ya zaga gari da shi kamar yadda ɗan kirki zai yi, sai ya wuce da ita gareji a Paraku. Aka aske mata kan inji don ta ƙara matsewa, aka sa mata kafireto mai baki biyu da aka ciro daga wata motar Bature da ta yi hatsari, aka yanke tukunyar salansa aka jefar. Da ya dawo Jugu ya tsaya a ƙofar gida ya taka totur, kajin unguwa suka watse. Malam Abdulbaƙi ya fito daga zaure, ya karkata kai ya saurara.

"Me ka yi wa baiwar Allah nan?" ya ce. "Da magana take yi, yanzu ihu take yi."

Daga ranar bai ƙara ɗora ƙafarsa cikinta ba. In zai je Paraku sai ya bi tsohuwar babbar motar Talle, wadda ke dakon gishiri da kananzir daga tashar jirgin ƙasa, mai tafiya kamar tana neman abin da ta yar. Usuman yakan wuce su a hanya ya danna ƙaho ya bar musu ƙura, yana dariya, alhali a ransa abin yana cin sa. Ko da ciwo ya kwantar da tsohon, a motar Talle aka kai shi asibiti, don haka ya zaɓa.

Sai jiya da yamma, a gadon asibiti, ya kama hannun Usuman. "In ta Allah ta kasance, kai za ka mai da ni gida, kusa da ubana. Kada a bar ni a Paraku, kada kuma a ba bare. Amma a hankali, Usumanu. Ni na gama sauri."

Da asuba ya cika. Mutanen zango suka yi masa wanka suka sa likkafani, amma kafin likita ya sa hannu, jandarma ya ba da izinin fita da gawa, rana ta take tsaka. Suna barin gari Baffa Badamasi ya dubi sama ya ce, "To, ina gudun nan naka da ake cika mana kunne da shi? Yau ce ranarsa." Usuman ya tuna maganar jiya, ya dubi rana shi ma, ya taka. A gadar Beteru suka wuce motar Talle tana nishi da buhunan gishiri. Yau dai bai danna ƙaho ba.

Yanzu ga shi tsaye gaban mota, murfin inji a ɗage, zafi yana dukan fuskarsa. Ya fara da ƙananan abubuwa, irin waɗanda mutum ke roƙon Allah ya sa su ne. Ya zaga ya taɓa notunan tayoyi, duk a ɗaure. Ya kwanta a ƙasa ya girgiza bututun hayaƙi, ko maɗaurinsa ne ya kwance, bai motsa ba. Ya duba fanka ko tana taɓa wani abu, ya sa ƙarfe ya ɗaga injin ta gefe ko robar da yake zaune a kanta ce ta tsage. Da ita ce, da igiyar shanu ma ta isa ta kai su gida. Robar lafiyarta lau.

Ya tayar da injin, mota a tsaye, ba giya. Bugun yana nan. Ke nan ba taya ba ce, ba kuma abin da ke juya ta ba ne. Ciwon a ciki yake.

Ya ɗauko dogon sukundireba, ya dafa bakinsa a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. A sama komai yana tafiya daidai, cak-cak-cak, kamar keken ɗinki. Ya sauko da shi ƙasa kaɗan. Ya ƙara saukowa. Can kusa da tukunyar baƙin mai bugun ya shiga kunnensa sosai, mai nauyi, har cikin haƙoransa.

"Ka gane?" in ji Baffa Badamasi daga cikin mota.

"Saura kaɗan, Baffa."

Ya naɗe hannu da tsumma ya zare wayar fulogi ta farko. Injin ya yi ɗingishi, bugun bai daina ba. Ya mayar, ya zare ta biyu. Haka. Da ya zare ta uku sai bugun ya yi laushi, ya kusa ɓacewa. Ya mayar da ita, bugun ya dawo, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Usuman ya kashe motar. Ya zaro sandar awon mai, ya shafa a yatsunsa, ya murza, ya ɗaga wa rana. Baƙin man yana ƙyalli da wani gari mai launin tagulla.

Ya daɗe yana kallon yatsun nan. Ba yau abin ya fara ba. Tun damina, in yana hawan tudu, yakan ji wata 'yar ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, injin yana faɗa masa matsin ya yi masa yawa. Shi kuwa sai ya ƙara wuta don rurin ya rufe ta. Yau ya nemi duk abin da ke cikinta, ta ba shi, ta ƙare.

Baffa Badamasi ya fito ya tsaya kansa. "Yi mini magana, yaron nan."

"Biyel ce, Baffa. Sandar da ke tura fistin na uku. Ƙarfen da take kwance a kai ya cinye."

"Ni ban san biyel ba. Za ta kai mu ko ba za ta kai mu ba?"

"In na tilasta mata za ta ɗan taɓa tafiya. Daga nan sandar ta fasa moter, injin ke nan, ta fito waje, mu tsaya inda ko inuwa babu."

"Ba a ɗaurewa? Ba a toshewa?"

"Sai an sauke moter gaba ɗaya."

Baffa Badamasi ya tafa hannu. "Inna lillahi! Mota lafiyayya ubanka ya ba ka, ka kai aka yi mata aski! Yana raye ka hana shi shiga, ya mutu ka yar da shi a daji!"

Ba abin da Baffa ya ƙara a kan gaskiya. A bayan mota Lubabatu ta buɗe ƙofa don iska, tana kore ƙudaje daga tabarmar da gefen mayafinta. Tana kuka ba sauti. Inuwar kaɗanyar ta fara matsawa, rana tana lasar ƙarfen motar.

Hanyar shiru. Wani Bafillace ya wuce da shanu, ya ga tabarmar, ya cire malfa ya yi musu gaisuwa ya tafi. Suka yi taimama suka yi la'asar a gefen hanya. Da suka sallame, Baffa ya yi magana, muryarsa ta sauko.

"Zafin nan ba ya jiran kowa. Akwai Musulmi a Onkulu. In ba wata mota, mu nemi mutane su taya mu, mu rufe shi can. Ƙasa duk ta Allah ce."

"Kusa da ubansa ya ce, Baffa," in ji Lubabatu.

"Na ji abin da ya ce, ɗiyata. Ni ma ubana ne."

Nan Usuman ya koma gefen mota. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar gaba, ya sa fuska cikin hannuwansa masu baƙin mai ya yi kuka irin wanda bai yi ba da asuba. Abu ɗaya tak tsohon ya taɓa roƙonsa a duniya.

Tun daga nesa suka ji ta, tana tari tana nishi. Motar Talle ta ɓullo daga kwana, ta ɗauki lokacinta, ta zo ta tsaya bayansu. Talle ya sauko, dogo, siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Tun yana jariri iyayensa suka rasu, shi ya sa ake kiransa haka. Usuman ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya cancanta, don ba direban da ya sha ƙurarsa kamar wannan. Talle ya yi wa Baffa gaisuwar mutuwa, ya yi wa Lubabatu, sannan ya leƙa cikin injin, ya ga sandar awon mai a ajiye, ya shafa, ya murza.

"Biyel?"

"Ta uku," in ji Usuman.

"Allah ya kyauta." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya juya wajen Baffa. "Mu ɗauke shi, Malam. In Allah ya so, kafin magariba muna Jugu."

Suka gyara buhunan gishiri suka yi wuri, suka shimfiɗa bargo, suka ɗaga gawar su uku. Usuman ya riƙe wajen kai. Bai taɓa sanin mahaifinsa ba shi da nauyi haka ba. Talle ya ja tamfol ya yi masa inuwa. Lubabatu ta ƙi shiga gaba, ta hau ta zauna kusa da ubanta.

Usuman ya sauko ya koma gefe ya tsaya, hannuwansa a sake.

"Kai sai ka zauna ka yi gadin tsiyarka," in ji Baffa Badamasi yana hawa gaba. "In an rufe shi a aiko maka."

Talle bai hau ba. Ya tsaya riƙe da ƙofar direba a buɗe, yana kallon Usuman.

"Zo nan, ƙanena. Ranar da na kai Malam asibiti, a nan gaba ya zauna, ya fasa goro ya ba ni rabi. Da muka hango Paraku ya ce mini, 'Talle, zuwa naka ne, komawa ta Usumanu ce.' Ni ba zan ci amanar mamaci ba. Hau."

"Kamiyonka ne, babbar mota, Yaya Talle. Ban taɓa..."

"Shofer shofer ne, tuƙi duk ɗaya ne. Giya ta biyu tana da gardama, sai ka lallashe ta. Birki kuma ka fara roƙonsa tun da nisa." Ya saki ƙofar. "Ni ban san nawa uban ba, balle in kai shi ko'ina. Hau, rana tana tafiya."

Talle ya kama ƙarfe ya haye baya wajen gawar. Usuman ya hau ya zauna. Sitiyarin faɗi gare shi kamar faifai, kujerar ta lotsa, wajen yana warin gishiri da goro.

"Motarka fa?" in ji Baffa. "Ko murfin ba ka rufe ba."

"Ba inda za ta, Baffa."

Ya sa giya ta ɗaya, motar ta yi ajiyar zuciya ta motsa. Ta biyu ta yi gardama, ya lallashe ta, ta shiga. A madubi ya ga farar Fijo ƙarƙashin kaɗanya, baki a buɗe, tana ƙanƙancewa har kwana ta ɗauke ta. Suka ratsa Onkulu, mata suna dawowa daga gona da doya a ka, wani mai keke ya jera da su har ƙarshen gari kafin ya gaji.

Bayan garin hanyar ta miƙe, irin wurin da Usuman ya saba sake wa Kafin-ka-zauna linzami. Ƙafarsa ta nemi totur da kanta, ya janye ta. Rana ta yi ja, ta sauko saitin gilashi. Baffa Badamasi ya dube ta, ya buɗe baki zai ce a ƙara wuta, sai ya dubi fuskar ɗan wansa, ya rufe bakin ya koma ga carbinsa.

Wani rami ya tare hanya, wanda ruwan damina ya ci. Sau nawa Usuman ya tsallake shi a guje, fasinja suna salati. Ya fara roƙon birki tun da nisa, ya saukar da tayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya, sannan na baya. Duk da haka motar ta ɗan girgiza. Ya waiwaya ta ƙaramar tagar da ke bayan kansa, inda yake hango gefen tabarmar.

"Sannu, Baba," ya ce. "Mun kusa."

Wannan ne karo na farko da ya tuƙa mahaifinsa.