Ganyen Baba Bai Kashe Ko Ɗaya Ba

Shekara talatin Baba yana shaida wa duk wanda ya ratsa ta lambunsa cewa ganyen bishiyar bayan rijiya yana kashe ƙwayoyin cuta. Ni kuwa, 'yarsa da ya sha wahalar karatunta, na yi wata huɗu a ɗakin gwaji na gano bai taɓa kashe ko ɗaya ba. Ga shi sai da buhu biyu na ganyen zan kammala bincikena, Baba kuma in ka kushe bishiyarsa ko tsinke ba za ka ƙara samu ba. Gaskiya na ji tsoro.

Na kawo shi ɗakin gwajin, na sa masa farar riga. Ya tsaya ƙiƙam kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Na ajiye masa faranti biyu na gilashi, ɗaya ya rine shuɗi, ɗaya fari fat.

"Farin shi ne na ganyenka, Baba."

"Sun mutu ke nan," ya ce, yana gyara tsayuwa.

"Suna nan garau."

Ya dube ni ta saman tabarau. Na yi maza na ci gaba. Na ce ƙwayoyin nan aika wa juna saƙo suke yi da wani sinadari. In saƙo ya yi yawa, sun san sun taru, sai su yi wa jiki taron dangi. Wannan irin kuma rinewa suke yi idan sun ji juna. Ruwan ganyensa toshe musu kunne yake yi.

"Wato ganyena bai iya kisa ba, sai raba zumunci?"

"Ai shi masana ke nema yanzu, Baba."

Ya ɗaga farin farantin, ya daɗe yana kallo.

"'Yar nan, duk suna ciki da ransu?"

"Dubbai."

"Amma kowanne gani yake shi kaɗai ya rage?"

"Haka ne."

Ya ajiye farantin a hankali, ya fara cire rigar.

"Zan ba ki ganyen. Amma ba buhu-buhu ba, kuma ba aike. Dunƙule ɗaya duk sati, ki zo ki tsinka da hannunki. Ki taho da yayanki. Wata uku ke nan wayata ba ta yi ƙara ba, ni kuwa ban sha ganyen komai ba."